Wai Tsohon Kare Ne Ya Hana Sabo Barci?

Wata biyu ke nan ana ta cece-kuce a majalisu da teburan mai shayi a kan wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa da ya ɗauki tsohon kare ya ajiye a harabar siton kayansa. Asalin karen na wani gida ne a can wajen Mokola, ya yi musu gadi shekara da shekaru, da suka tashi ƙaura sai suka bar shi a bakin ƙofa. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, gashin bakinsa ya yi fari, ido ɗaya ya yi hazo. Wannan bawan Allah ya ba shi ruwa da sauran tuwo, ya kai shi asibitin dabbobi na Mokola aka yi masa allura, ya kafa masa 'yar rumfa. Iyakar abin da ya yi ke nan. Amma yau akwai masu janye hannu in ya miƙa musu, akwai wanda ya matsa daga sahu don kada rigarsu ta haɗu, har mun ji wai an ce kada a ci abincin gidansa. Haba jama'a!

To mu tambaya muke yi: a wane littafi aka karanta wannan? Mu nan Malikawa ne, da Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala aka raine mu. Wanda ya karanta Iziyya ya san tun a babin tsarki aka gaya mana duk abu mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa da hawayensa, kuma ba a cire kare ba. Muhtasar na Shehu Halil ma a kan haka yake. Wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a ciki gaskiya ne, hadisi ne ingantacce, amma malaman mazhabarmu sun ce bin umarni ne na ibada, ba don karen najasa ba ne. Shafi'awa da Hambalawa ne suke ganin najasarsa, kuma muna girmama su. Wanda yake son ya bi su ya bi, babu mai hana shi. Sai dai ko a wurinsu, wanda kare ya taɓa wankewa yake yi ya shiga sahu. Babu malami ɗaya da ya ce a ƙaurace wa Musulmi ko a ƙi amsa sallamarsa.

Masu ƙorafi suna da hujja biyu masu nauyi, kuma ba za mu ɓoye su ba. Ta farko hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Ta biyu hadisin da ya nuna ladan mutum na raguwa kullum idan ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Risala ma ta hana ajiye kare a gidajen gari. Duk mun yarda. To amma karen nan a ɗaki yake? A harabar sito yake, wurin da ba a kwana, ba a salla. Batun gadi kuwa, manyan malamai irin su Imamu Nawawi sun yi ƙiyasinsa a kan gona da garke, tunda dalilin ɗaya ne, wato tsare dukiya. Kuma masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Wa zai ce mana zamaninmu ya fi nasa aminci? Shaguna nawa aka fasa a unguwar nan da dare?

Wani kuma ya ce ai karen ya tsufa, ba shi da amfanin gadi, don haka rangwamen bai hau kansa ba. Wannan magana ta fi ba mu mamaki. Masu shagunan layin sun shaida yana haushi in baƙo ya taɓa ƙofa da tsakar dare, kuma abin da ake nema wurin mai gadi ke nan. Tsohon kare ma ya fi ɗan kwikwiyo natsuwa, ba ya bin babur, ba ya yayyaga buhu, ya san bambancin mai wucewa da mai laɓe. Amma mu ɗauka ko haushin ba ya iyawa. Shike nan sai a bar shi ya mutu da yunwa a bakin kwata? Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sun ruwaito na wata mace mai zaman kanta daga Banu Isra'ila da ta yi irin haka, ita ma aka gafarta mata. Sun ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana ta abinci. Kullum muna karanta waɗannan a wa'azin azumi, jama'a na kabbara. Yau ga mutum ya aikata a gaban idonmu, sai muka mai da shi abin gudu. Kowace Juma'a kuma muna karanta Suratul Kahfi, inda Allah ya ambaci karen samarin nan yana kwance a bakin kogo, har aka ƙirga shi tare da su.

Gaskiyar magana, abin da ke damun da yawanmu al'ada ce, ba fiƙihu ba. Mun taso kare zagi ne a bakinmu. A nan Kudu kuma muna ganin masu yanka kare don bautar Ogun, muna jin labarin masu cin namansa da suke kira 404, sai muka ɗauka nisantar kare shi ne alamar Bahaushe Musulmi. To ai maharba da 'yan farauta a Arewa da karnuka suke yawo, Fulani masu kawo mana shanu ma haka, ba mu taɓa jin an hana su limanci a rugarsu ba. Da ɗan'uwan nan bai ɗauki karen ba, ina kuke zaton zai ƙare? A hannun masu yankan nan da muke ƙyama.

Abin da ya fi muni shi ne yara. Tunda suka ji manya na aibata karen, sun mai da jifansa wasan yamma. Yaron da ya saba jifan dabbar da ba ta iya gudu, gobe mahaukaci zai jefa, jibi tsohon almajiri. Kuma ko dabba mai haƙuri ce, in aka matsa mata za ta yi cizo, sannan a dawo a ce ai mun faɗa.

Tsoron cizo kam yana kan hanya, don ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Amma haɗarin yana wurin karnukan da ke yawo a bola babu mai su, ba wanda aka yi wa rigakafi aka ɗaure ba. Duk wanda kare ya ciza, kowane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

Shi mai karen mun yi magana da shi, ya amince da sharuɗɗa: karen ba zai shiga ɗakin kwana ba, yana ɗaure da rana, kwanonsa daban, za a sabunta masa allurar rigakafi kowace shekara, katin asibitin kuma yana nan ga mai son gani. Iyaye su ja wa 'ya'yansu kunne a kan jifa. Wanda kuma yake da nassi daga littattafan mazhabarmu da ya halatta ƙauracewa Musulmi saboda karen gadi, ya zo da littafin masallaci ranar Asabar bayan La'asar, a buɗe shi a gaban jama'a.