Kafin A Yi Wa Mota Ɗaki A Jimeta, A Fara Yi Wa Talaka

Jama'a 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, musamman ku da kuka fito daga ƙasar Adamawa, yau maganarmu a kan gida take, watau Yola da Jimeta. Duk wanda ya je ganin gida a 'yan shekarun nan ya ga yadda Jimeta ta sake kama. An shimfiɗa tituna, an ɗaga gadojin sama tun bayan shekarar 2019, gidajen bene na haya kuma suna ta tashi a wuraren da da can gonaki ne. Motoci sun ƙaru, wurin tsayawa ya ragu. A irin wannan hali ba a rasa masu cewa maganin abin shi ne a kwaikwayi manyan birane, a ɗaure kowane mai gina babban gidan haya da sharaɗin cewa sai ya keɓe wa kowane iyali gurbin ajiye mota, ɗaya ko biyu, kafin a sa hannu a takardar gininsa. Wannan shawara a baki tana da daɗin ji, amma ganin kitse ake yi wa rogo, kuma talaka ne zai biya kuɗinta.

Mu fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. Mota ɗaya tana bukatar wuri mai faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar. In aka haɗa da hanyar da za ta bi ta shiga ta juya ta fita, abin yakan kai murabba'in mita 25 zuwa 30. Ɗakin da maginanmu suka saba yi, mai ƙafa 12 kowane ɓangare, bai wuce murabba'in mita 13 da ɗan ɗoriya ba. Ashe ke nan mota ɗaya tana cin wurin ɗaki biyu, watau ciki da falo, wanda a cikinsa magidanci da matarsa da 'ya'yansa suke rayuwa.

To, a ce wani bawan Allah ya yi shekara ashirin yana sayar da shanu a Agege ko albasa a Mile 12, ya tara abin da ya tara, ya sayi fuloti mai ƙafa 100 kowane ɓangare a Jambutu ko Damilu. Filin nan kimanin murabba'in mita 930 ne. Yana so ya ɗora bene mai hawa huɗu, ya fitar da ciki da falo guda 24 domin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ƙananan 'yan kasuwa. In aka ce sai gurbin mota ɗaya ga kowane iyali, motoci za su cinye murabba'in mita 600, kusan kashi biyu cikin uku na filin. In aka ce biyu, za su bukaci 1,200, wanda ya zarce filin gaba ɗaya tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Me ya rage wa wannan mutum? Ko dai ya sayi wani fuloti a kusa ya zuba masa siminti ya bar shi a rana, sa'an nan ya raba kuɗin a kan masu haya. Ko ya fasa ƙananan ɗakuna, ya gina manyan sassa shida masu tsada domin masu hannu da shuni. Ko kuwa ya bi hanyar da aka sani a garuruwa da yawa na ƙasar nan, a zana wurin motoci a kan takarda, bayan an sami izini a mai da shi shaguna. Ta farko tana ƙara kuɗin haya, ta biyu tana rage yawan ɗakuna, ta uku kuwa tana koya wa jama'a cewa doka abin ciniki ce. A cikin ukun babu wadda ta amfani mai neman wurin sa haƙarƙarinsa.

Abin tambaya kuma shi ne, su wane ne masu motocin? Ku tsaya a bakin Babbar Kasuwar Jimeta ko tashar Jambutu da safe ku ƙidaya. Keke Napep ne ke ɗauke da garin, sai masu tafiya a ƙasa. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, waɗanda suke neman ɗakin haya ido rufe, nawa ne a cikinsu suke da mota? Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, hatta waɗansu masu motar sun rage hawanta. Saboda haka dokar da ta haɗa ɗaki da gurbin mota tana nufin mai hawa Keke ya riƙa biya wa mai mota kuɗin makwancin motarsa, a ɓoye cikin kuɗin haya, shekara bayan shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku mazauna Kudu ba sai an ba ku labari ba, domin kun gani da idonku. A Ikko an saba neman gurbin mota biyu ga kowane iyali a gidan bene kafin a ba da izinin gini. Shin wannan ya kawar da cunkoso a Ikko? Shin ya sauƙaƙa haya? Ku ne kuka san mutum nawa suke kwana a ɗaki ɗaya a Idi-Araba da Obalende, kuka san masu kwana a shago da masu kwana a harabar masallaci, alhali a waɗansu unguwanni ga filin motoci a shimfiɗe an kewaye shi da waya. Dattawan cikinku kuma suna tune da yadda abin ya faro. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko, sai motoci suka cika birnin. A 1977 aka kafa dokar lamba, ta raba ranakun shiga tsakiyar gari tsakanin masu lambar mara da masu lambar cika. Masu kuɗi suka sayi mota ta biyu, suka ci gaba da shiga kullum. Darasin da ke ciki shi ne, duk dokar da aka yi domin lallashin mota, mai kuɗi yakan sami hanyar kewaye ta, nauyinta kuma ya faɗa kan wanda ba shi da ita.

Wannan ƙa'ida ma asalinta ba tamu ba ce. A Amurka aka ƙirƙiro ta, ta bazu a biranensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka ɗauka kowane magidanci zai mallaki mota. Yau masu abin suna gudun abinsu. Wani shehun malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Donald Shoup, ya wallafa babban littafi a 2005 inda ya nuna cewa wurin ajiye mota na kyauta yana da tsada ƙwarai, sai dai an ɓoye tsadar a cikin kuɗin gida da kuɗin kaya. Birnin Landan tun 2004 ya juya dokar, ya daina cewa kada gurabe su gaza kaza, ya koma cewa kada su wuce kaza. Birnin Meziko ya bi sahu a 2017. A wannan shekarar ce birnin Buffalo na Amurka ya soke sharaɗin a duk faɗinsa, Minneapolis kuma ta yi haka a 2021. Waɗannan ƙasashe ne da mota ta yi wa yawa. In su sun tuɓe rigar domin ta matse su, mu da yawancinmu ke tafiya a ƙasa me zai kai mu ɗaukarta? Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da ya shafi Yola ita kaɗai, wanda ya fi kuɗin haya nauyi, domin magana ce ta rai. Garin nan a bakin Kogin Binuwai yake. Mun ga ambaliyar 2012 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, mun ga ta 2022, mun kuma ga ta ƙarshen watan Yuli 2025 wadda ta afka wa unguwannin Yola ta Kudu irin su Shagari da Sabon Pegi, aka rasa rayuka da dukiya. Duk ɗakin da doka ta hana a gina a kan tudu cikin gari, wanda zai zauna a cikinsa ba ɓacewa zai yi ba, gangarawa zai yi fadama ya kafa bukka a hanyar ruwa, domin nan ne ƙarfinsa ya kai. Ban da haka, filin da aka dafe da siminti ba ya shan ruwa, sai ya tura shi kan titi da gidajen maƙwabta. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, wannan dandamali yakan zama tanda a tsakiyar unguwa. Kada kuma a manta garin ya ɗauki baƙi masu ɗimbin yawa a 2014, sa'ad da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka gudo daga rikicin Boko Haram, waɗansunsu kuma sun zauna ke nan. Garin da ke da irin wannan ƙishirwar ɗakuna bai kamata ya yi almubazzaranci da ƙasa ba.

Masu goyon bayan sharaɗin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Suna cewa in ba a tilasta ba, masu motoci za su jibge su a kan titi, su toshe hanya, har motar 'yan kwana-kwana ta kasa wucewa ranar gobara. Gaskiya ne wannan yana faruwa. Amma laifin na mai motar ne, don me za a ci tarar mai haya? Ƙasar Japan ta warware wannan tun 1962. A biranenta ba a yi wa motarka rajista sai ka kawo shaidar cewa kana da wurin ajiye ta wanda ba kan titi ba, naka ne ko haya ka kama. Wanda ya sayi doki shi ke neman turke. Haka nan ba mu ce a sake wa kowa mara ba. Otal da zauren biki da babban kanti da banki, waɗanda su ne ke kiran motoci ɗari a sa'a guda, a tilasta musu su tanadi wurinsu, domin daga motocin nan suke cin riba.

Ikon gyara wannan al'amari yana Yola, ba ya Abuja. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a duka. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar tsara birane a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka Majalisar Dokokin Adamawa da Hukumar Tsara Birane ta jihar ba su da uzurin cewa an ɗaure musu hannu. Garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, wanda ya zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976 da ta Adamawa a 1991, ya isa ya yanka rigarsa daidai jikinsa.

Ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, kada a ɗaura wa gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi wani adadin gurabe na dole, a bar mai gini ya auna bukatar waɗanda yake gina wa. Na biyu, inda aka yi gurabe, a raba kuɗinsu da kuɗin ɗaki, mai mota ya biya nasa, marar mota a ƙyale shi. Na uku, ƙarfin da za a ɓata wajen ƙidayar gurabe a mai da shi kan abin da ke ceton rai, watau ingancin rodi da siminti, magudanar ruwa, matakala ta biyu domin gudun gobara, hanyar da motar kashe wuta za ta shiga, da itatuwan inuwa. Na huɗu, kowane babban gida ya bar ɗan wuri a bakin ƙofa inda Keke zai tsaya ya sauke fasinja ba tare da ya tare hanya ba. Na biyar, a shata wuraren tsayawa a manyan titunan kasuwa, a karɓi kuɗi da rasit, a kuma bayyana wa jama'a inda kuɗin ya tafi.

'Yan'uwa, guminku ne ke gina wani sashe na abin da ake ginawa a gida, 'ya'yanku da ƙannenku ne kuma ke neman ɗakunan. Ku tayar da maganar nan a tarurrukan ƙungiyoyinku na 'yan gari, ku kai ta gaban sarakunan Hausawa na inda kuke, ku rubuta wa 'yan majalisarku na jiha, ku tambaye su ƙa'idar da ake bi wajen ba da izinin gidan bene, da wanda ya rubuta ta, da wanda take yi wa aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Jimeta kuwa yanzu take miƙewa sama. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya mai da ku gida lafiya, amin.