TAURARI NA LISSAFI NE, BA NA DUBA BA

Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ba zai rasa ganin 'yan littattafan hisabi da buruji ba, masu riya cewa wai tauraron mutum ne ke yanke masa arziki da aure. Abin takaici, matasa da yawa in an ce ilmin taurari nan tunaninsu yake tsayawa. Alhali tauraro bai san da zaman kowa ba. Tafiyarsa kawai yake yi bisa hanyar da ƙarfin jan juna ya shata masa.

Taurari suna zaune ne gungu-gungu, biliyoyi a gungu guda. Ranarmu ma tauraro ce, tana kewaya tsakiyar namu gungun, wanda Larabawa ke kira Majarra, sau ɗaya a wajen shekara miliyan 230.

To amma ba kowane gungu ne kewayayye kamar faifai ba. Wani tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk sun saɓa, don haka janyowarsa ba daidai take ta kowace fuska ba. A irinsa masana sun gano hanyoyi uku. Akwai tauraron da ke zagaye bai taɓa kusantar tsakiya ba. Akwai mai kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙi, yana gittawa dab da tsakiya, har sawunsa ya cika siffar akwati. Akwai kuma wanda hanyarsa ta rikice, kamar baƙo a lungunan Kurmi. A 1979 Martin Schwarzschild ya nuna da kwamfuta cewa irin wannan gungu yana iya riƙe siffarsa, masu kai da komon nan kuwa su ne ƙashin bayansa.

Kada ɗan'uwa ya ce wannan ilmin Turawa ne. Tun wajen 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta bayanin gungun Andromeda, ya siffanta shi da ɗan gajimare. Da lura da lissafi ya yi suna, ba da bugun ƙasa ba.

Saboda haka lallai ne 'yan'uwa matasa su daina gudun darasin lissafi a makaranta. Kuɗin da za a kai wa mai duba, a sayi littafin lissafi da shi. Al'ummar da ta bar wa wasu auna sama, ta zauna tana tambayar buruji, ita za a ci gaba da ja a ƙasa.