Lafiyar Iyali: Idan likita ya ce a cire mahaifa

A gidaje da dama, daga Maraɗi har Damagaram, akwai macen da ta shekara biyu ko uku tana zubar da jini, ciki ya taso kamar na wata biyar alhali ba juna biyu ba ne. An sha saiwa, an sha rubutu. Ran da likita ya duba ya ce ƙari ne ya cika mahaifa, sai an cire ta, sai matar ta naɗe takardarta ta ɓoye ƙarƙashin katifa. Ba wuƙar likita take tsoro ba, matsayinta a gidan miji take tunani.

Ƙarin nan, wanda likitoci ke kira fibrom, ba kansa ba ne, kuma idan mace tana neman haihuwa akan iya cire shi a bar mahaifar. Amma in ya yi yawa, ko kansa ta kama bakin mahaifa, ko mahaifa ta fashe wajen doguwar naƙuda, ceton rai shi ne gaba. Akan sa mace barci ko a kashe mata rabin jiki, a tsaga mara ƙasa da cibiya. Aikin awa 1 zuwa 2 ne, kwanciya asibiti kuwa kwana 3 zuwa 5. Kashegari ma'aikata kan matsa mata ta tashi ta taka, dangi su ga kamar rashin tausayi ne, alhali gudun kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa ake yi.

A gida ne ake ɓata aikin. Fatar ciki kan haɗe cikin kwana 10, sai kowa ya ce ai ta warke, a miƙo mata taɓarya. Ɗinkin da ke ciki kuwa sai ya yi mako 6 zuwa 8. Kafin nan babu daka, babu jan guga, babu ɗaukar tulu ko goyo, maigida ma ya haƙura da shimfiɗarta. Alhajin da ya biya kuɗin aiki bai ko ƙirga ba, sa'an nan ya kasa samo wadda za ta riƙe girki wata biyu, bai gama biya ba. A ba ta hanta da zogale da wake don jini ya dawo. In zazzaɓi ya zo, ko miki ya yi mugunya, ko jini ya ɓalle, ko ƙafa guda ta kumbura, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta.

Haila ta tafi ke nan, haihuwa ma haka, kuma wannan rashi ne da bai kamata a raina hawayensa ba. Amma zancen da ake yi a zaure da wurin biki, wai ta zama namiji, ba shi da tushe. In likita ya bar ƙwayayen da ke gefen mahaifa, jikinta na nan yadda yake, zaman aure kuma ya kan fi daɗi da ciwo da jini suka tsaya. In kuwa an cire su, za ta ji zafin jiki da gumin dare irin na mai manyanta, kuma akwai maganinsa. Ya kamata miji ya raka ta tun kafin aikin, su tambayi likita wanne daga ciki za a yi.