Ba ƙauna ce ke riƙe da tashar sararin samaniya ba

Duk sa'ad da aka nuno Ba'amurke da ɗan Rasha suna cin abinci tare a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, sai ka ji ana cewa ga shaida nan, in zukata suka haɗu komai mai yiwuwa ne. Wannan fahimta kuskure ce, kuma irinta ce ke lalata mana sulhu a Zamfara. Tun Nuwamban 2000 tashar ba ta rabu da mutane ba, kuma ƙirarta ce ta tilasta wa ƙasashen biyu zama tare: ɓangaren Rasha ne ya daɗe yana ɗaga ta da injinansa kada ta rikito, ɓangaren Amurka kuma ke samar da mafi yawan lantarki. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 an ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, amma a Yulin shekarar ƙasashen biyu suka sa hannu kan musayar kujeru a kumbunansu. Kowa ya san in ya kori abokin zamansa, shi ma ya halaka.

Haka manomi da makiyayi suka zauna a kwarin Gulbin Sakkwato. Shanu su ci kara bayan girbi, su bar taki a gona, nono ya sayi hatsi. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta rage ambaliyar da ke raya fadamu, aka sake fasalin gonakin yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun ba da shawarar masu su ba, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Takin zamani ya maye gurbin na shanu, gonaki suka cinye burtali. Shi ya sa sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 ya wargaje kafin ƙarshen 2021: an yi alƙawura, amma ba a maido da abin da ke sa wani ya buƙaci wani ba.

Za a ce ɗan bindiga ba ɗan sama jannati ba ne. Gaskiya ne, mai kisa hukunci ya kamace shi. Sai dai daga rugar da ba ta da sauran abin karewa a gari yake samun yaransa. Za a kuma ce wa'azi na da amfani. Yana da shi, amma ba ya shayar da garke a watan Maris. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta buɗe burtali, ta tanadi mashaya a tsarin Bakolori, ta zaunar da manomi da makiyayi a kwamiti ɗaya na rabon ruwa.