Kada Neman Abinci A Kurmi Ya Raba Mai Bi Da Ubangijinsa

Duk wanda ya zaga unguwannin 'yan Arewa a Ikko da Badun da Fatakwal ranar Lahadi da safe, ko ya leƙa barikin soja ko na 'yan sanda, zai ji ana raira waƙoƙin sujada da Hausa kamar a Jos ko Kagoro. Masu rairawar nan Angas ne da Birom da Tangale da Bura da Margi da Bajju da mutanen Zuru, har da Hausawan Kano da Katsina, waɗanda neman abinci ya kawo Kurmi. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma akwai da yawa da suka baro gida da takardar baftisma a cikin jaka, yau shekara biyar ko goma ƙafarsu ba ta taka majami'a ba sai in an yi rasuwa ko ɗaurin aure.

Abin lura shi ne, galibin waɗannan mutane ba wanda ya tsananta musu, kuma ba su taɓa cewa sun bar bangaskiya ba. Sannu a hankali abin ya zo. Maigadi ya kwana a bakin ƙofa, gari ya waye barci ya ɗauke shi. Mai sauke kaya a kasuwar Mile 12 ya ga motar tumatir ta iso ranar Lahadi, in ya tafi sujada wani ya karɓe aikin. Yarinya mai aikin gida ba ta da ranar hutu. Ban da wannan kuma, a ƙauye in mutum ya fasa sujada sau biyu dattijon ikilisiya zai zo ya yi sallama ya tambayi lafiya, amma a Ikko maƙwabcin ɗaki ma bai san sunansa ba. Lahadi ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, daga nan addu'ar safe ma ta tsaya, Littafi Mai Tsarki ya koma ƙasan akwati.

Ya kamata a tuna yadda bisharar nan ta isa Arewa. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikkon nan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu daga cikinsu suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya tsira, kuma daga aikinsu ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A Garkida, a 1923, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko da ta haifi EYN. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan doguwar wahalar da su Likita Miller na Zariya suka sha wajen fassara. Kakanni sun koyi karatu da fitilar aci-bal-bal don su iya karanta shi. To, abin kunya ne a ce jikokinsu sun iso bakin tekun da saƙon ya bi ya shigo, sa'an nan a nan za su yar da shi.

Wani zai ce ai Allah yana ko'ina, yana kuma ganin zuciya, saboda haka ba dole ba ne sai an je taro. Gaskiya ne Allah yana ko'ina. Amma garwashin da aka zare daga murhu aka ajiye gefe shi kaɗai, kowa ya san abin da yake zama kafin a jima. Mai bi yana bukatar wanda zai tsawata masa in ya kauce, da wanda zai zo duba shi in zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin haya. Zumunci a ƙafa yake, kuma na ikilisiya ma haka ne.

Wani kuma zai ce shi ba ya fasa aika kuɗi gida duk lokacin da ake ginin majami'a ko bikin godiya. Madalla da wannan, amma kwanon rufin da ya saya a ƙauye ba zai yi addu'a a madadinsa ba. Akwai kuma waɗanda wahalar birni ta tura su gidajen da ake sayar da mai da ruwa da alkawarin arziki cikin kwana bakwai. Wanda ya saba karanta Littafi da kansa ba a saurin ruɗinsa da irin wannan ciniki, gama ya san Almasihu bai taɓa karɓar ko kwabo ba a hannun waɗanda ya warkar.

Littafi Mai Tsarki cike yake da labarin 'yan ci-rani. Yusufu bawa ne a gidan Fotifar a Masar, ba dangi ba mai sa masa ido, amma ya ƙi cin amanar maigidansa saboda tsoron Allah. Daniyel babban ma'aikacin gwamnati ne a baƙuwar ƙasa, aiki ya yi masa yawa, duk da haka sau uku a rana yake durƙusawa, har a lokacin da doka ta hana. Ba sai an je nesa ba ma. Ɗan'uwa Musulmi mai shayi ko mai gyaran takalmi, in lokacin salla ya yi, yakan ajiye ciniki ya shimfiɗa tabarma a gefen titi, bai damu da idon kowa ba. Kirista ɗan Arewa da ke zaune kusa da shi yana da darasin ɗauka a nan.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Wanda zai baro gida ya karɓi takarda daga fastonsa, ya kai ta ikilisiyar da ya tarar tun makon farko. A keɓe lokaci ɗaya kowace rana, ko da minti goma ne kafin a fita, a karanta sura ɗaya a yi addu'a, musamman yanzu da Littafin Hausa yake cikin wayar hannu. Wanda aikin dare ya hana shi sujadar safe ya nemi ta yamma ko addu'ar tsakiyar mako. In babu majami'ar Hausa kusa, a shiga ta Yarbawa ko ta Ibo da ke unguwar, domin Ubangiji ɗaya ne. Maigida ya tara iyalinsa da dare, ya kai yara makarantar Lahadi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su ma shugabannin ikilisiyoyin Hausa a Kudu akwai nauyi a wuyansu. Zaman jiran mutane a cikin gini bai isa ba. Ya kamata dattawa da 'yan Sabon Rai da Zumuntar Mata su riƙa bin tashoshin mota da kasuwanni da wuraren gini suna neman sababbin zuwa, su kuma sa sujada a lokacin da maigadi da mai aikin gida za su iya halarta. Kada kuma a riƙa duban kayan jikin mutum kafin a ba shi kujera.

Kowane ɗan ci-rani yana fatan ranar komawa gida da abin hannunsa. To, ya tambayi kansa tun yau ko zai koma da bangaskiyar da ya fito da ita, ko kuwa kuɗi kaɗai zai kai wa iyayen da suka yi masa addu'a a bakin mota. Allah ya kiyaye baƙi a inda suke, ya maishe su gida lafiya, amin.