Kafin Tsofaffin Kantunan Disina Su Koma Ƙasa

A ƙaramar hukumar Shira akwai zanen kan dutse da gwamnatin tarayya ta daɗe da sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Madalla. Amma a Disina, cikin ƙaramar hukumar nan, wa ya taɓa tsayawa ya ƙirga tsofaffin kantuna da sito-sito na ƙasa da suka rage?

Su ma tarihi ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi a hannun talaka, kamfanoni irin su John Holt da UAC suka baza wakilai a karkara, attajirai irin su Alhassan Dantata suka yi suna. Ƙasar Katagum da Disina ke cikinta, wadda fadarta ta koma Azare a 1916, ta noma nata kason. A ƙananan garuruwa aka kafa sikeli, 'yan baranda suka yi ciniki, aka ɗinke buhuna kafin su zama dala a Kano. Cutar gyaɗa ta 1975 da rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 suka kashe harkar. Aka bar gine-ginen.

Ba tsufa ke kashe ginin ƙasa ba, sakaci ne. Soron da ake yi wa yaɓe kafin damina, ana gyara masa indararo, sai ya ga jikoki. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, yana tsaye tun ƙarni na 19. Abin takaici, gyaran zamani ma ɓarna yake yi: a shafe bangon tubali da siminti, laima ta maƙale a ciki, wata rana ya zube gaba ɗaya. Ga kuma ambaliya da ke yawan addabar yankin.

Mai kanti yana da hujja idan ya ce bulo da kwano sun fi kawo kuɗin haya, kuma babu mai cewa a bar kowace rumfa. A zaɓi kaɗan.

Aikin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da masarautar Katagum ba. A sa hakimi da Sarkin Kasuwa su zaga da dattawa, a rubuta wanda ya gina kowane kanti da abin da aka sayar a ciki, a ɗauki hoto, a sassauta haraji ga duk wanda ya kira magina suka gyara nasa. A fara da ranin bana, tun dattawan da suka ga zamanin sikeli suna raye.