Ina ruwan ɗan Damagaram da ƙanƙarar Kanada?

Wani uba ya yi mini ƙorafi: don me ake ɓata wa yaronsa lokaci a lakwal da labarin ƙanƙarar da bai taɓa gani ba sai a firji? Ni dai ban goyi bayansa ba.

Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ta riƙe ya sa teku ya yi ƙasa da kusan mita 120. Mu nan fari muka samu. Hamada ta gangaro kudu, kuma jigawar da muke shuka hatsi a kanta yau, da yawanta rairayi ne da iska ta tara a irin waɗancan lokutan.

Ɗan sauyi a yadda duniya ke zagaya rana ya ƙara zafi a arewa, ƙanƙarar ta soma janyewa. Amma wajen shekaru 12,900 baya sanyi ya komo, ta sake matsowa a wasu wurare har kusan shekara 1,200, sannan ta tafi.

Daga nan damina ta yi ƙarfi a Sahara, Tafkin Cadi ya cika ya batse. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburburan mutanen da suka zauna bakin tafki, ga ƙasusuwan kifi da kada da dorina.

Malamai, ku soma darasin daga jigawar bayan makaranta, ku bi da yara ta Gobero, kafin ku kai su Kanada.